Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamai da malaman wa'azi na Maraɗi kan abin da ke shiga tukunyarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah gafarta malamai, iyayenmu limaman Juma'a da na unguwa, da masu tafsirin azumi, da masu wa'azin dare a ƙofar gida da gidajen rediyo, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga mahaifinsa. Ni ma'aikacin jinya ne, irin wanda mutanenmu ke kira majo. Na yi shekara talatin da ƴan kai ina aiki a gidajen likita na jihar nan, na ƙauye da na birni, kafin in ajiye aiki. A fanninku ni mai sauraro ne, a sahu nake zama kamar kowa. Kuka na kawo, kuma ku na ga ya dace in kai wa.

Duk tsawon shekarun nan mata muke tarawa. Ranar awon ciki da ranar awon yara rumfa takan cika, mu tsaya mu yi ta bayani: a ba jariri nono zalla har wata shida, a zuba garin ƙuli-ƙuli ko na wake a kunun yaro, a rage magi a miya, mai ciki ta ci ganye da hanta. Su saurara, su ce sun ji. Wata rana a wani ƙauye na ƙasar Mayahi, wata dattijuwa da ta rako jikanta ta tsayar da ni, ta ce duk abin da na faɗa gaskiya ne, sai dai na faɗa wa waɗanda ba su riƙe da makullin rumbu, wanda ya kamata ya ji yana can kasuwa. Har yau maganar nan ba ta bar zuciyata ba. Mai ba da kuɗin cefane namiji ne. Mai cewa a sayar da wake ko a bar shi a gida namiji ne. Shi kuwa namiji ba ya zuwa likita sai an ɗauko shi ranga-ranga. Wuri ɗaya na sani da maza ke zuwa da ƙafarsu, su zauna shiru su saurara ba gardama, shi ne gabanku. Abin da muka yi shekaru muna faɗa a rumfa, huɗuba ɗaya za ta kai shi kunnen da bai taɓa jin sa ba.

Bari in fara da yara, tunda su ne ba su da bakin kai ƙara.

Duk wanda ya yi wayo a 2005 bai manta ba. Daminar 2004 ba ta yi kyau ba, fara ta biyo baya, tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka alhali kasuwa cike take da buhuna. A shekarar nan ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu daga jiharmu. Mun ɗauka abin na shekarar yunwa ne, zai wuce. Bai wuce ba. Ko a shekarar da aka samu albarka, daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin sauro ya taso, gadajen yara cika suke yi. Ka ɗaura wa yaro ɗan zaren awo a damtse, ka ga ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ka ɗaga ido ka dubi uwarsa, ita ma jini ya ƙare mata. Binciken da ake yi kusan kowace shekara yana ta nuna abu ɗaya: fiye da rabin yaran jihar Maraɗi ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba.

Kuma wannan a Maraɗi ne, Allah gafarta malamai. Mu ne masu hatsi da wake da gyaɗa da aya da riɗi. Zogalen Jiratawa har Yamai ake lodinsa. Ga kifin tafkin Madarunfa, ga jar akuyar da ke ɗauke da sunan garin nan a duniya, wadda nononta zai iya raya yaro. Ta yaya jihar da ke ciyar da wasu za ta zama ita ce ƴaƴanta ke kwance a gadon tamowa?

Talauci yana ciki, ban musa ba, na kwana a ƙauyukan da na san wuta ba ta kama a murhu sai sau ɗaya a yini. Amma akwai kason da ke hannun mai gida, kuma kan wannan kason nake roƙon ku. Da kaka ta yi, wake shi ne na farko da ke tafiya kasuwa, a bar wa gida hatsi zalla. Da damina ƙwan zabi yakan wadata, a tara shi a ƙwarya a kai bakin hanya, yaron gidan bai ɗanɗana ko ɗaya ba, har a ce wai in yaro ya saba da ƙwai sata zai koya. Ɗan wata takwas kuma a dinga ɗura masa kunu tsararo ko fura farau-farau. Cikinsa ɗan ƙarami ne, ruwa ya cika shi, jiki bai samu komai ba. Daga ranar da ciki ya shiga har yaro ya cika shekara biyu, kwana 1,000 ke nan, a nan ake gina ƙashi da ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya kuɓuce a wannan tsakani da wuya a mayar da shi daga baya. Shi ne yaron da gobe za a kawo muku makarantar allo, ku ga hadda tana ba shi wuya, a ce ba shi da ƙoƙari.

Kun fi ni sanin aya ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka ce uwaye su shayar da ƴaƴansu shekara biyu cikakku. Wannan ɓangaren muna yawan jin sa. Abin da ke biye da shi a ayar, cewa ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita yana kan uban yaro, shi ne nake so a daɗe a kansa a gaban maza. A karkararmu akwai magidancin da ke rufe rumbun gandu bayan girbi ya tafi cin rani, ya bar mata da yara da ɗan abin da matar ta samu a gamanarta, sai damina ta kusa a buɗe. Na san dalilinsa, tsoron kada a rasa abin ci lokacin noma ne, amma ai watannin da ke tsakani ma cin abinci ake yi. A birni kuma wani salon ne. Mutum zai karya kumallo wurin mai shayi da burodi da ƙwai uku, da dare ya tsaya wurin mai tsire, a gida kuwa tuwo ne da miyar kuka wadda ba ta ga ko ƙashi ba, ga mai ciki ga mai goyo. Ba ya jin ya yi laifi, don ya auna hatsi ya bayar. Ku ne za ku iya gaya masa ko wannan ya cika ciyarwar da aka ɗora masa.

Akwai wata magana da ta shafe ku kai tsaye, ina neman afuwa kafin in faɗe ta. A gidaje da yawa, kafin jariri ya kama nono sai an ba shi rubutu, wani wurin ma a matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne. Dakashin nan, nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa, shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri, babu kamarsa a kantin magani. Ruwan da aka wanke allo da shi kuwa, in daga randa ko rijiya ya fito, hanjin ɗan kwana ɗaya ba ya iya ɗaukar ƙwayoyin cutar da ke ciki. Na karɓi jarirai da yawa da zawo ya lanƙwame a makonsu na farko. Na ga wani limamin ƙauye, Allah Ya saka masa, da ya warware wannan cikin sauƙi: ya ce uwa ta sha rubutun, a tofa wa jariri addu'a, a sa shi a nono nan take. Ba wanda ya yi masa gardama, saboda daga bakinsa ta fito. Da ni na faɗa, cewa za a yi boko ne ke magana.

Yanzu in juyo kanmu manya, don a gida ɗaya za ka tarar da jika mai tamowa da kaka mai ciwon sukari.

Lokacin da na fara aiki, hawan jini, wanda muke kira tansiyo, ciwon alhazan birni ne. Kafin in bar aiki ina auna shi ga manomi da mai kabu-kabu da matar da ba ta kai arba'in ba. Mugun halinsa shi ne ba ya sallama. Mutum na yawo da tansiyo 18 ko 20 a jikinsa yana cewa lafiyarsa lau, alhali daga 14/9, wato 140 bisa 90, an shiga haɗari. Ranar da zai sani ita ce ranar da ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta tsaya. Babban abin da ke hura shi a tukunyarmu gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ku leƙa madafa ku gani: an zuba gishiri, an marmasa dunƙulen magi uku ko huɗu wanda kusan rabin kowanne gishiri ne, an ƙara farin magi, an kawo yaji shi ma da nasa magin, a kan shinkafa da wake kuma a sake tsiyaya na kwalba. Iyayenmu da daddawar kalwa da daddawar batso suka yi miya, kuma ta yi daɗi. Harshe abin sabo ne, in aka rage a hankali, cikin ƴan makonni ba ya neman na da. Amma wace mace ce za ta rage, in ta san mai gida zai ture kwano ya ce miya ba ta ji magi ba, ga kishiya tana jira? Sai shi ya fara cewa a rage.

Kanwa ma dangin gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya ta Najeriya suka lura cewa yawan kunun kanwa tare da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Na ga masu jego da ƙafa ta kumbura, numfashi yana sama-sama, dangi suna cewa sanyi ne ya shige su, a ƙara kanwa.

Sai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyaka giram 50 a yini ga babba, in an tsaya a 25 ya fi. Kwalbar lemu ɗaya ta santilita 33 tana ɗauke da wajen giram 35, kamar mutum ya tauna ƙwayar sukari shida ko bakwai. Ƴaƴanmu na fada, wato majalisar samari, kuwa daga hantsi har tsakar dare butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da nasa sukarin, a wanke buta a sake ɗorawa. Fura da kakanninmu suka sha da nono kaɗai, yau ba ta shiga sai an zuba mata. Abin da ya fi damuna shi ne azumi. Watan da ya kamata ciki ya huta ya zama watan da sukari ya fi ciniki a garin nan. Kwali-kwali ake kai wa surukai da iyaye da ku kanku malamai, kuma wanda bai kai ba an ga gazawarsa. Niyyar mai kyau ce, sada zumunci ne. Amma sau nawa na ga an kai kwalin sukari gidan tsohon da ni da hannuna nake wanke masa gyambon ƙafa saboda ciwon sukari? Da a ce daga kan mumbari za a ji cewa tiyar wake, ko dabino, ko gyaɗa, ko ƙwaryar ƙwai ita ma kyautar azumi ce mai lada, kuma a ga malam da kansa ya nuna ya fi son haka, da al'adar ta juya cikin shekara biyu ko uku. Aya ta 31 a Suratul A'araf, wadda ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, da hadisin da ya raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, duk a bakinku muka ji su. Roƙona a fassara su da sunan abin da ke kan faifanmu lokacin buɗa-baki: ƙosai da fanke da soyayyen dankali da jus mai sanyi, duk a zama ɗaya kafin a tashi sallar isha'i.

Mu a nan tumbi alamar arziki ne, ƙiba kuma alamar miji ya iya kiwo. Saboda wannan kallo ƴan mata da amare suke sayen ƙwayoyin ƙiba wurin masu tallan magani a faranti, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu maganin da ake kira dexamethasone ne, wanda likita ke bayarwa da awo don wasu cututtuka. In aka ɗauki watanni ana sha, fuska ta kumbura, ƙashi ya yi rauni, tansiyo da sukari su taso wa yarinya ƴar shekara ashirin. Ba za ta bari don ni na hana ba, tunda ba don ni take sha ba. Mazan da take so ta burge, su ne ke zaune a gabanku ranar Juma'a.

Haka nan in mutum ya faɗi, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ku ake fara kira kafin mu, don an ɗauka iska ce ko jifa. Ku yi addu'a, muna buƙatarta, amma don Allah a yi ta a cikin mota ana hanyar asibiti. A wannan ciwo kowace sa'a da ta wuce wani yanki na ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa. Kuma ku ja kunnen masu yawo da lasifika suna rantsuwa da Allah cewa garinsu yana warkar da sukari da tansiyo kwata-kwata. Na rasa wani aminina ta wannan hanya. Shekara shida yana shan ƙwayarsa lafiya lau, aka ce masa ya warke, ya ajiye, bai cika wata huɗu ba muka kai shi makwanci. Waɗannan cututtuka lallaɓa su ake yi har ƙarshen rai, da magani da kiyaye baki. Game da azumin mai ciwon sukari, hukunci naku ne, ni dai abin da nake roƙo ku ce masa ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, kuma ku tuna masa sauƙin da Allah Ya yi wa marar lafiya, don da yawa kunyar mutane ce ke sa su ƙin sha ko da jiri yana ɗibarsu.

Ƴan kasuwarmu ma suna da nasu kason, kuma sun fi jin maganarku fiye da ta kowace hukuma. Akwai masu zuba piya-piya da wasu magungunan ƙwari a cikin wake don kada ya yi ƙwari, gobe a auna wa mai ɗan wake da mai ƙosai. Guba ce, kuma akwai mafita a hannu: buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Afirka, har da namu na cibiyar binciken noma ta INRAN a nan Maraɗi. In aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu ba tare da ɗigon magani ba. Sai gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda ake warewa a sayar da arha ga masu ƙuli-ƙuli da tunkuza. Fumfunar nan tana fitar da dafin da ake kira aflatoksin, wuta ba ta kashe shi, kuma yana cikin abubuwan da ke kawo kansar hanta. In kun zo bayanin halal, ku haɗa mana da ɗayyib, wato mai kyau mai tsabta, kamar yadda ayar ta haɗa su.

Na san wani zai ce, majo, talaka ina ya ga zaɓi, abin da ya samu shi zai ci. Gaskiya ne, ba zan ce wa mai neman na yau ya sayi tuffa ba. Amma ku duba abin da nake ta lissafawa: zogale, rama, tafasa, yakuwa, kuka, wake, ƙuli-ƙuli, awara, fara, nonon akuya, goriba, magariya, mangwaro in lokacinsa ya zo. Abincin talaka ne tun fil azal. Kwaɗon zogale na dala ashirin ya fi kwalbar lemu arha, kuma ya fi ta amfani nesa ba kusa ba. Abin da ya same mu shi ne mun fara jin kunyarsa. Baƙo ya zo, a ɓoye tuwon hatsi a dafa masa taliya da mai, yaro ya tafi lakwal a ba shi kuɗin biskit da alewa. Wanda zai iya mayar wa abincinmu da darajarsa shi ne wanda in ya ci abu a bainar jama'a ake koyi da shi.

Motsa jiki ba zan tsawaita a kansa ba. Minti 150 a mako ake nema, wato tafiyar rabin sa'a kwana biyar. Manomi da mai daka sun wuce haka, matsalar ta ƴan birni ce, da muke hawa kabu-kabu zuwa masallacin da muke jin kiran sallarsa daga gida, alhali kun sha gaya mana ladan kowane taku. Ku tuna da matan da ke cikin gida ba fita, ga injin niƙa ga ƴar aiki, su ne na fi gani da ciwon gwiwa da sukari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. A samar musu hanyar da ta dace da mutuncinsu.

Kun taɓa yin irin wannan aiki. Lokacin da iyaye ke ɓoye yara daga ɗigon shan inna, sai da malamai da sarakuna suka sa baki, wasunku suka fito da ƴaƴansu aka ɗiga musu a gaban jama'a, sannan ƙofofi suka buɗe, har aka kai 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Abin da nake nema yanzu bai kai wancan wuya ba. Huɗuba ɗaya a kowane wata uku kan haƙƙin jiki da haƙƙin iyali a abinci, da dare ɗaya cikin tafsirin bana. Kafin nan ku kira ma'aikacin lafiya na unguwarku ku zauna da shi, ya ba ku abin da ya gani, ku kuma ku sa shi a ma'aunin shari'a.

Sai abu na ƙarshe, wanda za a iya farawa Juma'ar nan. A ba mu izinin ajiye tebur da kujera biyu a ƙofar masallaci bayan an sallame, mu auna tansiyon duk wanda ya yarda, kyauta. Awon ba ya cin minti uku. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da ɗaliban likita, garin nan kuma cike yake da tsofaffin ma'aikatan jinya irina da za su zo da gudu in liman ne ya kira. Wanda aka ga nasa ya hau a rubuta masa takarda ya tafi likita ranar Litinin. Alfarma ɗaya nake nema a ciki, liman ya fara miƙa hannunsa a auna kowa yana gani. Na'urata tana nan cikin jaka, kuma duk masallacin da ya aiko, daga unguwar Zariya har Bagalam, daga Tibiri har Jiratawa, zan zo.

Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya yafe mini in na yi kuskuren lafazi a gabanku.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
tsohon majo, daga birnin Maraɗi